Shuke-shuken Ado Masu Sauƙin Kulawa a Ofisoshin Ƙasar Daura

Shukar ofis ita ce wadda ake dasawa a tukunya a ajiye a ɗakin aiki, ko zauren jiran baƙi, ko barandar gini, don ƙawata wuri. A bakin masu sayarwa da masu saye, duk fulawa ake ce musu, ko suna fure ko ba sa yi. Idan aka ce shuka tana da sauƙin kulawa, ana nufin za ta iya kwana goma ko sati biyu ba a ba ta ruwa ba, ta wadatu da hasken da ke shiga ɗaki, kuma ba ta neman aski ko taki a kai a kai. Sai dai wannan sauƙi ya danganta da inda aka ajiye ta. Shukar da ke tashi ba wahala a Legas ko Jos tana iya ƙonewa cikin sati uku idan aka kawo ta Daura a watan Janairu.

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, kowace da sakatariyarta da kotunanta da asibitocinta. A 'yan shekarun nan ofisoshi sun ƙaru a garin Daura kansa, musamman bayan kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019 da aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a watan Disamba na shekarar ta 2019. Sababbin gine-ginen suna da manyan tagogin gilashi da daɓen tayil da na'urar sanyaya ɗaki, kuma irin wannan wuri yana kiran ɗan kore a kusurwa. Yawancin abin da ake sayowa daga masu fulawa na bakin titi a Kano ko Katsina yake fitowa, inda aka rene shi a inuwa ana ba shi ruwa safe da yamma. Daga wannan gata sai a kai shi ɗakin da ba wanda ya san buƙatarsa. Shi ya sa tukunyar da ba komai a cikinta sai busasshiyar ƙasa ta zama abin da ido ya saba gani a bayan ƙofofin ofisoshi.

Abu na farko da mai zaɓe zai duba shi ne yanayin ƙasar. Daura tana can arewa, dab da iyakar Nijar, kuma daminarta gajera ce: daga Yuni zuwa Satumba, da ruwan da yakan tsaya tsakanin milimita 500 zuwa 700 a yawancin shekaru. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, iska busasshiya mai ɗauke da ƙura, wadda laimarta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana. Iskar da ke tsattsaga leɓe da diddige haka take tsotse ruwan ganye. Sai bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Shukar da za ta zauna a ofis shekara guda sai ta ratsa duk waɗannan.

Shi ma ofishin yana da nasa yanayi. Ana rufe shi daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin, tagogi a kulle, ba fanka ba na'ura. Ranar aiki ɗakin na iya yin sanyi da hantsi, wuta ta ɗauke da azahar ya koma tanda. Da Sallah ta zo kowa ya tafi gida da kallon hawa, a makarantu kuwa hutu yakan kai makonni. Ruwan ma a wurare da dama sai an saya a hannun 'yan garuwa. Duk wannan yana kai mai zaɓe ga ƙa'ida guda: a ƙasar Daura, shukar ofis ita ce wadda ke da rumbun ruwa a jikinta. Ana gane ta da ido da hannu. Ganyenta kauri ne da shi, ko santsi kamar an shafa masa kakin zuma, ko kuwa gindinta ya kumbura, ko tana da saiwa mai kama da dankali a ƙarƙashin ƙasa. Mai faffaɗan ganye siriri kamar takarda, komai kyanta a wurin mai sayarwa, ba ta da abin da za ta kare kanta da shi daga hunturu.

Kafin a tafi saye, a san hasken ɗakin. Akwai gwaji mai sauƙi: da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe a kashe fitila, a shimfiɗa farar takarda a inda ake son ajiye tukunya, a ɗaga hannu kamar kamu ɗaya a samanta. Idan inuwar yatsu ta fito rangaɗau, wurin yana da haske sosai. Idan ta fito dishi-dishi, matsakaici ne. Idan da ƙyar ake ganin inuwar, wurin duhu ne a wajen shuka, ko da mutum yana iya karanta fayil a cikinsa. Idon ɗan Adam yana sabawa da ƙarancin haske har ya manta, ganye kuwa da hasken yake haɗa abincinsa.

Fuskar taga ma abin lura ce, kuma a nan shawarar littattafan Turai tana iya ɓatar da mutum. Can rana ba ta taɓa bi ta arewa da tsakar rana, don haka suke cewa tagar arewa ta inuwa ce. Daura kuwa tana kan kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka rana tana tsayawa a tsakiyar kai sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta biyu ta ɓangaren arewa take karkata, sauran shekara kuma ta kudu. Tagar gabas ita ce mafi alheri, don hasken hantsi ba ya ƙuna. Tagar yamma ita ce mai haɗari: ranar la'asar ta bazara idan ta ratso gilashi tana dafa ganye har ya yi tabo fari. Labule mara kauri, ko ja da tukunyar baya da taki biyu, yana magance wannan.

A cikin shuke-shuken da suka dace, moɗa ce a gaba, kuma ba baƙuwa ba ce. Asalinta Afirka ta Yamma ne, daga Nijeriya zuwa Kwango, kuma tun da daɗewa ake fitar da zare mai ƙarfi daga ganyenta a tufka igiya da tsirkiyar baka. Masana tsirrai sun daɗe suna kiranta Sansevieria, sai a 2017 aka mayar da ita cikin dangin Dracaena. Ganyenta a miƙe yake kamar takobi, mai zane-zanen kore da toka-toka irin na fatar maciji, wani irin kuma da rawayan baki. Sirrin juriyarta yana cikin yadda take numfashi. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye su shaƙi iska, ruwa kuma ya yi ta ficewa ta nan. Moɗa tana rufe nata da rana, sai dare ya yi, iska ta huce, sannan ta buɗe. Da wannan dabara takan yi wata guda ba ruwa ba ta nuna damuwa ba. Tana zama a haske mai yawa, tana kuma jure kusurwa mai ɗan duhu, ko da yake a nan girmanta yakan tsaya. Ba ta zubar da ganye, ba ta yaɗo ta tare hanya, ƙura kuma da tsumma ɗaya ake share ta. Ga ofishin da zai ajiye tukunya ɗaya tak, babu dalilin neman wata.

Abokiyar tafiyarta a ɗaki mai ƙarancin haske ita ce zamiyokulkas, 'yar gabashin Afirka, daga Kenya zuwa Afirka ta Kudu. Masu renon fulawa na ƙasar Holan ne suka fara yaɗa ta a kasuwannin duniya wajen 1996, kuma yanzu da wuya a shiga babban banki ko otal ba a gan ta ba. Ganyenta yana sheƙi har wasu kan taɓa don su tabbatar ba roba ba ce. Ruwanta a cikin saiwa mai kama da dankali take ɓoye shi, shi ya sa ban ruwa sau ɗaya a sati biyu ko uku ya ishe ta. Ta fi moɗa tsada, kuma tana da jinkirin girma, don haka gara a sayi wadda ta riga ta kai girman da ake so.

Mai yaɗon nan da ake kira potos, wadda wasu masu sayarwa ke ce wa shukar kuɗi, daga tsibirin Mo'orea na tekun Fasifik ta fito. Ta fi waɗancan biyun son ruwa, kusan kowane mako, amma tana da hali mai kyau guda: idan ta ji ƙishi sai ganyenta ya langaɓe, a ba ta ruwa da safe, kafin la'asar ta miƙe. Reshenta yana yin saiwa a cikin kwalbar ruwa zalla, kuma ana yawan ganin haka a kan teburan sakatarori. Wanda ya zaɓi wannan hanya wajibi ne ya riƙa canza ruwan duk mako, domin sauro yana ƙwai a ruwan da ya kwanta, kuma a lokacin zafi kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi ya tashi. A hunturu bakin ganyen potos yakan bushe idan tana kusa da taga ko a gaban iskar na'ura.

Inda haske ya wadata, zaɓi ya fi faɗi. Alobera, wadda asalinta yankin Larabawa ne, tana son bakin tagar gabas. Idan aka kai ta duhu sai ganyenta ya yi tsawo ya koɗe ya kwanta, idan kuma rana ta yi mata yawa sai ya rine ya koma ja-ja. Tana da 'yar'uwa a dajinmu, zabuwa ko kabar giwa, mai ɗigo-ɗigo a ganye kamar gashin zabo. Shuka halinka, 'yar Madagaska, ita ma mai son haske ce, kuma ganye ɗaya idan ya faɗi a ƙasa mai laima sai 'ya'ya su tsiro a gefensa, don haka ba a saye sau biyu.

Shukar ƙarya ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce mafi kyan fure a cikinsu, kuma 'yar wannan yanki na Sahel ce. Wasu na danganta sunanta da karin maganar da ke cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, saboda yawan furenta da ƙarancin ganin 'ya'yanta. Gindinta kumburarre ne kamar na ƙaramar kuka, a nan take tara ruwa. Ba ta zaman cikin ɗaki. Wurinta ƙofar shiga ko baranda, inda za ta sha rana sa'o'i da yawa. Da rani takan zubar da ganye duka, ta tsaya tsirara, sannan furanni masu ruwan hoda su ɓarke a kan rassan. A wannan lokaci ne mutane ke zaton tana mutuwa, su dage da ban ruwa, gindin ya ruɓe. Barinta shi ne kulawar da take so. Ruwan jikinta kuwa dafi ne, har an yi amfani da shi wajen haɗa dafin kibiya a sassan Afirka, don haka mai yanke reshenta ya wanke hannu kafin ya taɓa ido ko abinci.

Zancen dafi bai tsaya a kanta ba. Tinya da ƙerana, da sauran danginsu masu farin nono irin na aguwar da ake shinge da ita, suna da juriya da ban sha'awa a tukunya, amma ɗigon nononsu a ido yana iya yin mummunar illa. Akwai kuma difenbakiya, mai faffaɗan ganye da fararen ɗigo, wadda ake yawan sayarwa: tauna ganyenta yana kumbura harshe da maƙogwaro. Potos da zamiyokulkas ma suna da irin wannan sinadari mai ƙaiƙayi, ko da yake bai kai nata ba. A ofishin da iyaye mata ke zuwa da yara, kamar ɗakin awo ko na rigakafi ko makarantar firamare, bai kamata a ajiye masu nono ko difenbakiya ba sam, sauran kuma a ɗora su inda hannun yaro ba ya kaiwa. Masu lallausan ganye irin na dajin kurmi, waɗanda ke buƙatar laima kullum, a bar su a wurin mai sayarwa.

Bayan zaɓen shuka sai tukunya. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne huda a gindi. Tukwanen ado masu sheƙi da yawa ba su da ita, kuma zuba tsakuwa a ƙasa ba ya maye gurbinta; ruwan yana nan kwance yana jiran saiwa. Mafita ita ce a dasa a tukunya mai huda, a saka ta cikin ta adon. Tukunyar ƙasa ta maginanmu ta fi ta roba dacewa da masu tara ruwa, saboda dalilin da ya sa randa ke sanyaya ruwan sha: jikinta yana tsattsafo, ƙasar ciki ta bushe da wuri, saiwa ta sami iska da sanyi. Baƙar roba a rana zafi take ɗauka har ta gasa saiwa. Potos ce kaɗai a cikin waɗanda aka ambata ta fi jin daɗin roba, don tana riƙe laima. Kada tukunya ta fi shukar girma da yawa, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ta daɗe a jiƙe.

Ƙasar da za a zuba kuwa, haɗi ake yi: kashi biyu na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, kashi ɗaya na ƙasar lambu, kashi ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe sarai har ya daina wari, da ɗan dakakken gawayi. Laka ta fadama tana daskarewa kamar tubali idan ta bushe. Ɗanyen taki kuma yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara da ƙananan ƙudaje, abin da ba wanda ke so a ɗakin da aka tara takardu.

Ban ruwa shi ne inda yawancin shuke-shuken ofis ke halaka, kuma yawan ruwa ya fi ƙishi kisa nesa ba kusa ba. Yadda abin ke faruwa sananne ne. Mai shara ya zo da sassafe ya zuba rabin buta. Masinja ya shigo da hantsi, ya ga saman ƙasa a bushe, ya ƙara. Mai ofishin ya juye sauran shayinsa a ciki, baƙo kuma ya tsiyaye ragowar ruwan leda. Kowannensu alheri ya nufa. Bayan wata guda ganyen moɗa ya yi rawaya daga ƙasa, ya yi laushi, a ja shi ya fito da wari. Ganin ya langaɓe sai a ƙara ruwa, alhali saiwar ce ta ruɓe ba ta iya sha. Maganin wannan shi ne a ɗora aikin a kan mutum ɗaya, a kuma sanar da sauran. Shi kuma ma'auninsa yatsa ne: ya tura shi cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu, in ya ji laima ya bari, in ya ji a bushe ya zuba har ruwa ya fito ta huda, sannan ya zubar da wanda ya taru a faranti. A bazara wannan yakan zo duk kwana bakwai zuwa goma, a ɗari da damina kuma sati biyu ko uku. Kafin dogon hutu a ba su ruwa sosai sau ɗaya, a janye su daga bakin taga.

Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana barin farin ɓawo kamar kanwa a bakin tukunya da saman ƙasa, kuma idan gishirin ya taru yakan ƙona bakin ganye. Sau ɗaya a wata biyu ko uku a fitar da tukunyar waje a kwarara mata ruwa ya wanke ƙasar. Ruwan sama ya fi kowanne, haka ma ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, wanda ba shi da gishiri kuma a banza yake zuba a bayan gini. Taki kaɗan suke so: cikin hannu ɗaya na ruɓaɓɓen taki a farkon damina ya isa shekara.

Ƙurar hunturu tana toshe ganye ta rage hasken da yake samu, don haka a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma duk mako a wannan lokaci. Shafa masa mai ko madara don ya yi ƙyalli ƙura yake ƙara kamawa. A busasshiyar iska ne kuma ƙwari biyu ke bayyana: wani fari mai kama da ɓurɓushin auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye, da wani ɗan mitsitsi mai saƙa siririyar yana a bayan ganye. Ruwan sabulu mara ƙarfi yana maganinsu, haka ma ruwan da aka jiƙa dakakken ganye ko 'ya'yan bedi a ciki, itacen da wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, wanda ke kowane titi a Daura. A maimaita duk mako har sau uku. Fesa maganin ƙwari na gona a rufaffen ɗakin da mutane ke yini a ciki ba daidai ba ne.

Masu sayarwa kan ce waɗannan shuke-shuke suna tace iskar ɗaki. Maganar ta samo asali ne daga binciken da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta wallafa a 1989 ƙarƙashin jagorancin B. C. Wolverton, inda aka ga moɗa da potos da wasu suna rage wasu gurɓatattun sinadarai. Amma a cikin ƙananan akwatuna rufaffu aka yi gwajin. A 2019 masu bincike biyu na Jami'ar Drexel suka sake nazarin irin waɗannan gwaje-gwaje, suka nuna cewa sai an jera tsirrai 10 zuwa 1,000 a kowane murabba'in mita kafin su yi abin da iskar da ke shiga gini ke yi. Buɗe taga ya fi. Amfanin da ya fi tabbata a jikin mutum yake: wani bincike na 2014, wanda masana daga jami'o'in Cardiff da Exeter suka shiga, a ofisoshin Birtaniya da Holan, ya sami ƙarin kusan kashi 15 cikin ɗari na aikin ma'aikata bayan an sa tsirrai a ɗakunan da a da ba komai. Bincike ɗaya ne a wata ƙasa, amma wanda ya yi wata takwas yana kallon ƙasa ja da sararin sama mai hazo ya san abin da kore ke yi wa ido.

Lokacin saye mafi kyau shi ne Yuli ko Agusta, sa'ad da iska ke da laima, don shukar ta sami watanni ta kafu kafin hunturu. A duba bayan ganye ko akwai ƙwari, a matsa gindi a ji ko da tauri, a leƙa ƙasan ledar da take ciki a ga saiwa fara ce ko baƙa. Wanda zai ɗauko daga Kano ta hanyar Kazaure, ko daga Katsina, ya sa ta cikin mota, kada ya bar ta a buɗaɗɗen baya iska ta kaɗe ta. Idan ta iso a ajiye ta a inuwa mai haske sati biyu kafin a kai ta mazauninta, kuma zubar ganye ɗaya ko biyu a wannan lokaci ba abin tsoro ba ne. Daga nan ba sai an koma kasuwa ba: alobera da moɗa suna fitar da 'ya'ya a gindi, a raba da wuƙa mai tsabta, a bar yankan ya sha iska kwana biyu, a dasa a sabuwar tukunya. Ana kuma iya yanka ganyen moɗa gunduwa-gunduwa a soka a yashi ya yi saiwa, sai dai mai rawayan baki idan aka bi da ita ta wannan hanya 'ya'yan kore zalla suke fitowa. Wanda ke son rawayan ya raba ta daga saiwa.